Gungumen Kiryar Gwaggo

Na Allah ne mu, gare shi kuma za mu koma, Gwaggo ta riga mu tafiya. Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ranar da uwata ta rasu ina tatata. Ta cika da sassafe cikin ɗarin bana, a ƙauyenmu da ke gefen hanyar Agiye zuwa Gazawa, kafin azahar an kai ta makwancinta.

Kwanakin zaman makoki gidan bai rabu da mutane ba, kowa da irin ta'aziyyarsa. Tsohuwar nan mai daddawa da ke bayan masallaci ta shigo, ko sallama ba ta ƙarasa ba ta tsaya tana duban tsakar gida. Ta ce, "Yanzu na yarda ta mutu. Ga ɓawon gujiya ƙohwar ɗakinta har hantsi, ba wanda ya sha hwaɗa." Matar liman ta ce su kam yanzu sai sun yi tambaya kafin su san gobe kasuwa, don da can ƙarar kankare randar Gwaggo ce ke gaya musu. Baba, ƙanenta, wanda shi ma gemunsa ya yi fari fat, ya bari sai da mutane suka ragu. Ya zauna yana juya hannuwansa, ya ce mini, "Wa za ya sake yi min hwaɗan yanke akaihwa?" Farcen nasa kuwa sun yi zaƙo-zaƙo, tun da ta kwanta ciwo ba wanda ya tuna masa.

Ana cikin wannan yabo sai wata daga dangin mijina ta ce, "Ai baiwar Allah ba ta taɓa tsallake ranar abu ba. Sai dai..." Ta dube ni, ta haɗiye sauran, ta gyara lulluɓi. Kowa a rumfar ya san abin da ke bayan wannan "sai dai" ɗin, ni ce. Ba a cacar baki a gidan mutuwa, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Shi ya sa na ce bari in faɗi ko wace ce Gwaggo, tun masu "sai dai" ba su riga ni ba.

Gwaggo ta yi aure wajen Cadakori, ta daɗe can, sai da mijinta ya rasu ta dawo gidan ƙanenta. Ta dawo da Gobiranci a bakinta, har muna yara mukan laɓe bayan rumbu muna kwaikwayonta, in ta ji ta bi mu da muciya. Ta dawo kuma da aƙidarta, wai kowane abu a gida yana da ranarsa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Takan ce, "Ƙazanta ba ta zuwa da makaɗa. Sannu ta ka shigowa, ta ce wuta ta zo ɗiba, sai ta kwana."

Shara safe da la'asar ce, ba a yin ta bayan magariba ko sarki zai sauka. Wankin moɗa da ludayi kullum. Randa kuwa sai jajibirin kasuwar Gazawa: a juye sauran ruwan a gindin lalle, a kankare ta da soso da toka, a kife ta ta sha rana, sannan a cika a jefa saiwar jema don ƙanshi. In wata amaryar gidan ta ce ai randar ba ta yi komai ba, a bari sai wani mako, Gwaggo ba ta musu da ita. Hannunta take kamawa ta tura cikin randar ta shafa gindin, in ta ji santsi ta ce, "Wanga yauƙi hwa, kuɓewa kika jiƙa ciki?" Ran Juma'a da hantsi duk mai farce a gidan ya san kansa, tun daga yara har Baba. Kitso ba ya wuce Juma'a biyu ba a kwance shi an wanke kai da karkashi ba. In aka ga sabon wata, tabarmi da shimfiɗu duk su fito rana a kakkaɓe saboda kuɗin cizo. Bayan kaka, in an gama zuba hatsi a rumbu, ta tara mata a yi sabon daɓe.

Kada a ɗauka irin masu tsabtar nan ce da ke wanke abu har ya mutu. A shekarun nan ne sabulun kanti mai ƙanshi ya fara shigowa ƙauye, matar wani yayana ta samu guda, don murna har ƙwaryar nono ta darza da shi. Kwana biyu muna shan fura da ɗanɗanon sabulu. Gwaggo ta karɓe ƙwaryar, ta ce ita ruwan zafi da rana kaɗai ta sani. "Wanki ma in ya wuce wuri ɓarna na," in ji ta. Haka ta hana a riƙa tilasta wa kakanmu wanka da sassafe cikin ɗari, ta ce tsoho sai rana ta ɗaga, da ruwan ɗumi, kuma ba dole kullum ba.

Ba ta zuwa kasuwa, mu kuwa mun yanke cewa rowa ce. Ashe a ƙarshen gari akwai wata tsohuwa da kuturta ta cinye wa yatsu, ba ta iya ko sosa kanta. Ranar kasuwa, in gari ya watse, Gwaggo takan ɗauki tulu da karkashi ta je ta kwance mata kai, ta wanke, ta kitsa, ta share mata bukka. Ba mu sani ba sai da tsohuwar ta faɗa da bakinta. Da muka tambayi Gwaggo sai ta ce, "Ku kuna sayen gishiri, ni ina nawa ciniki."

Amma abin da aka fi sanin ta da shi shi ne wankan jego. A wurinmu an ce mai jego ɗanya ce, in ba a gasa ta ba sanyi zai shige ta, ya zauna mata har tsufa ko ya kashe ta. Don haka kwana arba'in ana tafasa mata ruwa a babbar tukunya safe da yamma, a tsoma ganyen runhu a riƙa fyaɗa mata, ta sha kunun kanwa, ta hau gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙasa. Itacen kuwa miji ne ke tarawa, kuma da yawan itacen ake auna yadda ya ɗauki matarsa. Duk gidan da aka haihu a ƙauyenmu Gwaggo ake kira, don an san ko ruwan sama ake kamar da bakin ƙwarya ba za ta tsallake wanka ɗaya ba. Da wannan ta samu girma, da shi kuma take samun ɗan turmin zane da ƙwaryar hatsi.

Haihuwata ta fari ta zo cikin daminar da aka samu mulkin kai. Na dawo gida goyon ciki kamar yadda aka saba, mijina yana can ƙauyensu kusa da Gazawa. Tun da rani ya yi ta jigilar itace a kan jaki har tarin ya kai rabin danga, mutane suna zuwa kallo. Cikin itacen akwai wani gungumen kirya da sai da maza uku suka sauke shi. Ranar da yaran lakol, wato 'yan makarantar boko, suka dawo daga Agiye da 'yan tutoci a hannu suna waƙa, ina ɗaki ina naƙuda, ban ga komai ba. Na haifi ɗiya mace.

Aka fara wanka, aka yi suna lafiya. Bayan suna da 'yan kwanaki sai ƙafafuna suka fara kumbura, in na kwanta numfashi ya riƙa yi mini wuya, sai na jingina da bango. Matan da ke zuwa barka suka ce sanyi ne ya fara shiga, a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Ni ma haka na zata.

Wata safiya ruwa ya tafasa, na tuɓe na zauna a kan turmi ina jiran ganye. Gwaggo ta durƙusa, ta danna ƙaurina da babban yatsa, ta ɗauke. Wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta daɗe tana dubansa. Sai ta tashi ta janye itace daga murhu, ta ɗebo ruwan randa ta sirka na tukunyar har ya zama ɗumi-ɗumi, ta yi mini wanka da hannunta kamar jaririya.

Na ce, "Gwaggo, lafiya?"

Ta ce, "Daga yau sau ɗaya, da hantsi, da irin wanga ruwa. Ba kanwa, ba gadon wuta."

Na tsorata, ba zan ɓoye ba, har na fara kuka, don na taso ina jin cewa wadda ba a gasa ba ba ta kai labari. Ta zauna kusa da ni ta gaya mini abin da ban taɓa ji daga bakinta ba. Na san ta haifi ɗiya ɗaya a Cadakori ta rasu, ban san yadda aka yi ba.

Ta ce, "Ni na yi mata wanka. Ƙahwarta ta yi hakan ga, sunka ce a ƙara wuta, na ƙara. Ban tsallake ko ɗaya ba, ɗiyata, ko ɗaya. Ba ta ga arba'in ba. Ban san ko wankan ya kashe ta ba, Allah shi ya sani. Amma hanyar da na bi na binne, ba ni sake bin ta da ke."

Magana ba ta kwana a ƙauye. Ranar kasuwa labari ya kai Gazawa, washegari sai ga uwar mijina, wadda nake kira Inna, ta sauka a kan jaki ko ruwa ba ta sha ba. Inna ba muguwa ba ce. Ta haifi takwas, duk ta yi wankan jegonsu cikakke, ga ta nan garau, kuma tsoro take ji kada in mutu. Ta tsaya gaban tarin itace ta ce wa Gwaggo, "Yaya, mi muka yi miki? Yaron nan ya kashe bayan jakinai wajen itace. Don yarinya ba ta da uwa shi ne za ki bar ta ɗanya?"

Gwaggo ta ce, "Sannu da hanya. Ki sha ruwa tukuna."

"Ban sha. Ki hura wuta ina gani, ko in tahi da ita in yi mata da kaina."

"Ba ta hita gidan ga sai ta yi arba'in. In ta mutu ki ce ni na kashe ta, na ɗauka."

Inna ta juya wajen Baba, Baba ya ce shi wannan sha'anin mata ne, ya ɗauki hauyarsa ya yi gona. Sai Inna ta faɗi maganar da ta bi Gwaggo har kabari. Ta ce, "To na gane. Itacen kike so ya kai ki ɗari. Ki ci lahiya." Matan maƙwabta suna bayan danga suna ji.

Da ta tafi na ce wa Gwaggo don me ba ta gaya mata zancen ɗiyarta ba, ai da ta fahimta. Ta harare ni ta ce, "Ba ni kai gawar ɗiyata kasuwa don in wanke kaina. Ke ma kada in ji." Na riƙe mata wannan muddin tana da rai. Yau na saki, Allah ya yafe mini in na saɓa mata, amma ita ce ta koya mini cewa kowane abu da ranarsa.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ari jaki ta ɗora ni, ta goya jaririyar, ta bi mu a ƙasa har likitar Agiye, wato asibitin garin, abin da shi ma ya zama abin magana, mai jego a kan hanya cikin damina. Ma'aikacin likitar ya danna ƙafata kamar yadda ta yi, ya ba ni ƙwayoyi, ya ce in bar gishiri da kanwa, in dawo in an kwana biyu. Gwaggo ta riƙe lokacin ƙwayoyin nan kamar lokacin salla. Kullum da hantsi, bayan wankan ɗumi, sai ta danna ƙaurina ta duba. Kwanaki fuskarta a ɗaure. Ran da ta danna wurin ya taso nan take, sai ta miƙe ta shiga ɗaki, na ji tana fyace hanci. Da ta fito ta yi mini faɗa wai na bar zanen jaririya a ƙasa.

Na yi arba'in da ƙafafuna, na koma ɗakina. Da na zaci shi ke nan an wanke Gwaggo, ashe ban san mutane ba. Aka ce Allah ne ya kiyaye, ba dabararta ba. Ko tari na yi cikin ɗari sai a kalli juna a ce sanyin jego ne ya fara fitowa. Daga wannan shekara ba gidan da ya sake kiran ta wankan jego, har matan da ta gasa da hannunta suka riƙa aikawa wani ƙauye a ɗauko wata. Turmin zane ya ɗauke, ƙwaryar hatsi ta ɗauke. Wannan ya yi mata ciwo, na sani, don in ta ji guɗar haihuwa a gari takan ɗauki tsintsiya ta hau sharar inda ta riga ta share. Amma ban taɓa jin ta ce ta yi nadama ba.

Sauran itacen kuwa, ranar da na koma ta sa aka ɗora shi a kan jakuna aka mayar wa Inna, ko tsinke ba ta rage ba. Inna ta karɓa, amma ta sa aka dawo da gungumen kiryar, da saƙon cewa ladan aikinta ne. Masu jakin suka jefar da shi a ƙofar ɗakin Gwaggo suka tafi. Baba ya ce a faskara a huta, ta ce wanda ya sa masa gatari ba ita ba shi. Ba ta ƙona shi ba, ba ta zauna a kansa ba, ba ta kuma bari a fitar da shi ba. An yi ɗarin da ta rasa itace har ta dafa tuwo da kara da kashin shanu, gungumen yana kallonta. Ya shiga cikin ayyukanta kawai: duk jajibirin kasuwa, in ta kife randa, sai ta kira wani ya taya ta mirgina shi, ta share ƙarƙashinsa saboda kunama, a mayar da shi. Kirya ba ta jin gara, haka ya zauna har ɗiyar da na haifa a shekarar mulkin kai ta kamo ni tsawo. Ita da Inna kuwa sukan haɗu a suna ko biki su gaisa, gaisuwa kawai.

Da ciwo ya kwantar da ita na zo jinya. Ko a kwance ba ta bar lissafinta ba, takan buɗe ido ta ce, "Gobe kasuwa ko? Randa." Mijina ya zo dubiya ya kwana, da safe ta cika a hannuna. Matar liman ta ce ni zan taya ta wankan gawa, a ɗan ɗumama ruwa don sanyin ya yi yawa. Na fito neman itace, idona ya sauka a kan gungumen. Na kira mijina na nuna masa. Ya dube ni, ya dubi Baba, Baba ya gyaɗa kai. Shi da ya kawo shi, shi ya faskara shi, sai da gatarin ya yi ta tsalle kafin ya tsage.

Inna ba ta iso ba sai ranar sadakar uku, an riƙo ta a hannu, don ita ma tsufa ya kama ta, ido ya rage. Ta yi wa Baba gaisuwa, ta yi wa mata, ta ce Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ta huta, ya haskaka makwancinta. Muka ce amin. Sai ta ce in kai ta ƙofar ɗakin. Ta tsaya tana laluben ƙasa da sandarta, inda gungumen ya bar shaida, wuri ya yi fari ya lotsa.

Ta ce, "Ina shi?"

Na ce, "Da shi na ɗumama mata ruwan wanka, Inna."

Ta dogara da sandarta. Sannan ta ce a hankali, "Kin taɓa da hannunki? Bai yi mata zahi da yawa ba?"

Na ce, "Na sirka. Ɗumi-ɗumi, kamar yadda ta yi mini."

Ta ce, "Madalla." Ta saki sandar, ta kama hannuna ta riƙe gam, kamar mai son tabbatarwa ina nan. Da ta sake ni sai ta ce in miƙo mata tsintsiya, wai ta ji ana cewa gobe kasuwa. Ta duƙa da kyar ta share wurin, ba wanda ya karɓe ta.